Amsa ga mai son a zana masa kwafin silin fadar Versailles

Assalamu alaikum Malam. Ka tambaya ko ya dace ka ba da kafin alƙalami a zana maka kwafin zanen tsakiya na Zauren Madubai da ke fadar Versailles, wanda mai zane Charles Le Brun ya yi wa Sarkin Faransa Louis na 14, domin ka rataye a falonka, kuma ka ce masu shagon sun yi maka alkawarin aikin hannu zalla da fentin mai cikin mako biyu. Wallahi ina ganin wannan wa'adi gabana ya faɗi, domin irin alkawarin da aka yi mini ke nan a kan wannan zanen, kuma har yau raina bai huce ba.

Ni ma ta intanet na haɗu da su, suka turo mini hotunan wani mutum riƙe da buroshi a gaban ƙyalle, na biya rabin kuɗi, sannan na cika sauran kafin a aiko. Ranar da kayan suka iso na kira abokaina biyu da muka daɗe muna hirar zanen nan, muka warware shi a kan tabarma, kowa ya yi shiru. Fuskar sarkin ta zama kamar ta ɗan tsana, babu ƙashi babu kwarjini. Sandar tuƙin jirgin da yake riƙe da ita, wadda ita ce alamar cewa shi ne ke tuƙa ƙasa da kansa, an mayar da ita wani guntun itace marar ma'ana. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sun yanke saman zanen domin ya shiga awon da suka saba aiki da shi, suka fille siffar Ɗaukaka mai miƙo wa sarki kambi, sai ga Minerva, gunkiyar hikima a wajen Romawa, tana nuna masa sararin da babu kowa. Da ɗaya daga cikin abokan ya kara gilashin ƙara girma a kan gajimaren, sai muka ga ɗige-ɗigen injin buga hoto. Ashe bugawa suka yi, suka shafa fenti kaɗan a kan tufafi da fuskoki, suka bi sauran da wani ruwa mai kauri domin a ga kamar sawun buroshi. Na rubuta musu cikin ladabi, suka ce wai haka zanen asali yake. Na tura musu hoton asalin, suka ce laifin hasken wayata ne, daga nan kuma suka daina amsawa. Kuɗin sun yi mini ciwo, amma rainin hankalin ya fi, domin sun ɗauka wanda ya yi odar bai san abin da ya nema ba.

Saboda haka kada ka yarda da mako biyu. Fentin mai hawa-hawa ake yin sa, kowane hawa sai ya sha iska kafin a ɗora wani, kuma man ƙyalli na ƙarshe ma masu aikin kirki sukan jira watanni kafin su shafa. Ka nemi hoton ƙyallen tun yana fari, da na zanen fensir, da na fentin farko, kuma a kowane hoto a ajiye takarda mai sunanka a gefe.

Amma ko an samu mai zane na gaskiya, akwai matsalar da ba na jin an gaya maka. Le Brun ya yi aikin nan tsakanin 1681 da 1684 a kan silin mai lanƙwasa na zauren da tsawonsa ya kai mita 73, kuma ya yi shi ne domin mai kallo ya ɗaga kai daga ƙasa. Gaɓoɓin siffofin da ke cikin gajimare an taƙaita su da gangan domin idon wanda ke tsaye a ƙasa, shi ya sa idan aka sauko da su bango daidai fuska sai su yi kamar sun karye. Sannan zanen ba shi kaɗai yake magana ba. Yana nuna shekarar 1661, lokacin da babban minista Mazarin ya mutu, Louis yana ɗan shekara 22 ya karɓi ragamar mulki, kuma a ɗaya ɓangaren an zana Jamus da Sifaniya da Holan cikin alfaharinsu, sauran manyan zanukan silin kuma suna ba da labarin yaƙin Faransa da Holan har zuwa sulhun da aka yi a garin Nijmegen a 1678. Kowace siffa tana da aikinta a kirarin da ake yi wa sarki, kuma wanda bai san aikin ba zai zubar da ita ba tare da ya ji komai ba. Ka tambayi mai zanen wace ce Minerva, wane ne Mars (gunkin yaƙi na Romawa), me yaran da ke wasanni a ƙasan sarki suke nufi. Idan ya kasa gaya maka cewa su ne shagalin da sarkin ya juya wa baya, kada ka ba shi ko sisi.

Ka kuma duba asalin da kyau tare da iyalinka, domin da yawa daga cikin siffofin ba su da cikakkiyar sutura, kuma falo wuri ne na surukai da baƙi. Ban yarda a sa mai zane ya ƙara musu tufafi ba, saboda nan ne aikin yake ƙara lalacewa. Da ni ne a yau, da na zaɓi aikin da tun asali domin bango aka yi shi, kamar zanuka 24 da mai zane Rubens ya yi wa Sarauniyar Faransa Marie de Medici tsakanin 1622 da 1625, waɗanda yanzu suke gidan tarihi na Louvre da ke Paris. Na bikin naɗinta yana da faɗi, mutanen ciki sanye suke da kayan fada, kuma yana ɗaukar ragin girma fiye da silin Le Brun.

Idan har ka dage a kan na Versailles, ka sa a zana maka sarkin da siffofin da ke kewaye da shi a babban ƙyalle, ka riƙe rabin kuɗin sai ka ga aikin, kuma ka ce a naɗe shi fentin yana waje a kan bututu mai kauri domin kada ya tsage a hanya. Ka turo mana hotunan matakan aikin a nan kafin ka biya ragowar, ni da kaina zan duba maka fuskar da hannuwan, domin a nan ne maƙaryacin mai zane yake fara tonuwa.