Amsa ga ƙanena mai son koyon aikin busar da magunguna a Jamus

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce kana ajin ƙarshe a fannin injiniyancin sinadarai a Zariya, binciken kammalawarka kuma kan busar da zogale ne ba tare da zafi ya kashe amfaninsa ba. Yanzu kana son zuwa Jamus ka ƙware a busar da kaya cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, da tattaro sinadaran narkarwa, wato ruwayen da ake narkar da kaya a cikinsu wajen haɗa magani, don a sake amfani da su. Tambayarka kuwa kan jami'a ce da kan aiki.

Kada ka ɓata lokaci kana neman digiri mai wannan suna, ba a yin sa shi kaɗai. Abin da za ka nema shi ne Verfahrenstechnik, wato injiniyancin sarrafa kaya a masana'anta, busarwa kuwa reshe ce a cikinsa. Jami'ar Otto von Guericke da ke Magdeburg ta yi suna a wannan reshe, tana kuma da digiri na biyu da Turanci. Mutumin da aka sa mata sunansa shi ne ya ƙera famfon zuƙe iska wajen shekarar 1650. Jami'ar Karlsruhe ma tana da ƙarfi, sai dai jiharsu ta Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Kafin biza kuma sai ka nuna kuɗin zaman shekara a rufaffen asusu, wanda aka mayar Yuro 11,904 a 2024. Ka sake dubawa lokacin da za ka nema, don yana hawa.

Bari in gaya maka yadda aikin yake, saboda a nan ne ake gane wanda zai daɗe. Ka san ruwa yana tafasa a digiri 100, amma in aka sauke matsin iska zuwa milibar 100, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na matsin iskar waje, sai ya tafasa wajen digiri 46. Wannan kowane ɗan aji biyu ya sani. Abin da allo ba ya nuna maka shi ne, da ka cire iskar ka cire abin da ke kai zafi cikin kaya. Zafi ba ya shiga sai ta bangon tukunyar, inda ruwan ɗumi ke zagayawa, don haka garin da bai taɓa bango ba yana nan da danshinsa. Shi ya sa ake da tukwane masu juyawa da masu muciya a ciki. In ka gaggauta, wanda ke jikin bango ya kama kamar ƙanzo, ya tare zafin, na tsakiya ya dunƙule da jiƙa a cikinsa. In ka yi ta juyawa kuma ka farfasa ƙwayoyin maganin, girmansu ya sauya, ɗakin gwaji ya ƙi karɓa. Zubi ɗaya a masana'antar magani kuɗi ne mai yawa, kuma ba a gyara shi da ban haƙuri.

Sabon shiga yakan ɗauka cewa iyakar zuƙar famfo ita ce iyakar kyau. Ba haka ba ne. Ɗauki asiton, ɗaya daga cikin sinadaran narkarwa, wanda ke tafasa a digiri 56. A digiri sifili ma tururinsa yana da matsin da ya kai kusan milibar 93. To in ka ja tukunya zuwa milibar 50, kondensa, wato na'urar da ke sanyaya tururi ya koma ruwa, in tana sanyin ƙanƙara ba za ta kama shi ba, zai wuce ta ya shiga famfo, abin da kake son tarawa ya bi iska. Saboda haka ake fara ja a hankali, a kama mafi yawan sinadarin tun matsi bai yi ƙasa sosai ba, sannan a ƙara kondensa ta biyu bayan famfo, ragowar kuma gawayin tacewa ya tsotse. Wanda aka tara ma ba a mayar da shi aiki kai tsaye. Itanol da ruwa, alal misali, ba sa rabuwa da tafasawa kaɗai bayan kusan kashi 96 cikin ɗari, sai an bi wata hanyar, sannan a gwada tsabtarsa.

Wahalar gaske tana ƙarshe. Yawancin jiƙar kan fita da wuri, ɗan abin da ya rage a cikin ƙwaya shi ke cinye dare. Ka'idar ICH Q3C, wadda masana'antun magani ke bi tun 1997, ta ƙayyade abin da za a bari: metanol kada ya wuce kashi 3,000 cikin miliyan, tolwin 890, itanol da asiton 5,000. Ka nemi wannan takarda ka karanta tun kana gida, kyauta take a intanet. Ɗalibin da ya ambace ta a ganawar neman horo, kallon da ake masa daban ne.

Yanzu maganar Jamusanci, wadda na fi so ka riƙe. Za ka iya cin jarrabawa da Turanci, amma masana'anta da Jamusanci take tafiya. Waɗannan sinadarai masu kama wuta ne, busasshen gari kuma yana tara lantarki a jikinsa, tartsatsi ɗaya ya isa. Don haka ba a buɗe wa tukunya iskar waje, da naitirojin ake cika ta. Shi kuma naitirojin ba launi ba wari, mutum ya leƙa kansa cikin tukunya ya faɗi bai san me ya same shi ba. Takardar izinin aiki, bayanin miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, gargaɗin da wani zai ƙwala maka daga bene na sama, duk da harshensu ne. Ba wanda zai damƙa maka irin wannan wuri kana cewa a maimaita. Ka fara karatun harshen yau, ka sa matakin B2 na jarrabawar iya harshe a gabanka. Masu aikin injinan nan, waɗanda ake kira Chemikant, shekara uku da rabi suke koyon sana'arsu, kuma sun fi sabon injiniya sanin kukan famfon da ke yoyo. Ka girmama su, su za su koya maka.

Wani ƙaramin abu da ba a faɗa wa 'yan uwa: takunkumin da ke manne wa fuska ba ya kamawa a kan gemu. Akwai hular da ke hura iska wadda ba ta buƙatar aski, ka tambaye ta tun ranar farko cikin ladabi.

Aiki akwai, a Ludwigshafen inda kamfanin sinadarai na BASF yake, a rukunin masana'antu na Höchst a Frankfurt, da Basel ta Suwizalan. Sai dai masana'antar sinadarai ta Jamus ta sha matsi tun tashin farashin makamashi a 2022, har ana rage ma'aikata, ɓangaren magani ne ya fi tsayuwa. Ƙofar shiga ita ce horon masana'anta da rubuta kundin digirinka a cikin kamfani. Doka ta ba ɗalibi cikakkun kwanaki 140 na aiki a shekara, da wata 18 na neman aiki bayan kammalawa. Kada ka ƙarar da kwanakin nan duka a ɗaukar kaya a sito.

Kafin ka taso, in za ka samu shiga wata masana'antar da ke tatsar man waken suya ko na gyaɗa da sinadarin narkarwa na hekzen, ko wata uku ne, ka shiga. Yadda suke korar sinadarin daga tunkuza su sake tara shi, aikin nan ne dai. Ka turo mini sakamakonka da taƙaitaccen bayanin binciken zogalen in duba kafin ka aika wa kowace jami'a. Ka gaida su Baba da Inna.