Kisan Kai a Filin Kuza: Ina Tarihi Ya Tsaya, Ina Ƙage Ya Fara?

Tambaya: Malam, na karanta wani littafin ƙagaggen labari da aka gina a kan kisan wani akawu a barikin kuza kusa da Bukuru a shekarar 1943. An kama wanda ya yi kisan, amma na rufe littafin raina a dagule, kuma na kasa bambance gaskiya da ƙage. Daga wata mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Malama, a irin wannan rubutu akawun da makashinsa da mai binciken duk marubuci ne ya ƙago su, kuma yana da wannan dama. Abin da ba shi da ikon taɓawa shi ne zamanin da ya ajiye su a ciki, kuma da nan ake auna shi. Idan wani a labarin ya hau ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Jos, daidai ne, domin layin ya yi aiki daga 1914 zuwa 1957. Idan kuwa ya shiga gidan tarihi na Jos, marubucin ya yi tuntuɓe, saboda sai a 1952 aka buɗe shi.

Dagulewar ranki ce ta fi ɗaukar hankalina, kuma ina ganin na san tushenta. Bayan da Japan ta ƙwace Malaya (wani yanki na ƙasar Malesiya ta yau) a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza a tsakiyar yaƙi, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai, abin da iyayenmu ke kira diban gwamna, aka zuba su a ramukan haƙar kuza cikin sanyin da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, ga cuta, kuma da yawa ba su koma gida ba. Marubucin ya ba ki gawa ɗaya wadda aka gano mai alhakinta, alhali a bayanta akwai gawarwakin da babu ɗan sandan da ya bi kadinsu. Ni a wurina, littafin da ya bar ki da wannan nauyi ya riƙe amanar zamanin.

Idan kina son tantancewa, ki tambayi dattawan Bukuru da Barikin Ladi abin da suka ji daga iyayensu, sannan ki sake karanta babin da ya kwatanta barikin leburori.