Me ya sa har yanzu ake maganar Nirvana?

Malam, ka ce Nirvana, ƙungiyar mawaƙan rock ta Amurka da faifai uku kacal ta naɗa a sutudiyo, me ya sa ake ta kururuta ta haka? To, fara sauraron yadda suke gina waƙa tukuna. Jita na tafiya a hankali, jagoran ƙungiyar, Kurt Cobain, yana rerawa ƙasa-ƙasa kamar wanda bai gama wartsakewa daga barci ba, sai a zo amshi, ganguna su ɓarke, muryarsa ta dishe da ihu. Salon nan daga ƙungiyar Pixies suka ɗauko shi, shi kansa Cobain bai taɓa ɓoyewa ba.

A 1987 suka fara a garin Aberdeen na jihar Washington, shi da Krist Novoselic. Dave Grohl ya karɓi ganguna a 1990. Faifan Nevermind ya fito a Satumbar 1991, zuwa Janairun 1992 ya ture na Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka.

Nan gizo ke saƙar. Kafin lokacin, mawaƙan rock masu tulin gashi da kayan ƙyale-ƙyale ne ke cin kasuwa a Amurka. Sai ga samari da yagaggen wando da tsofaffin riguna, suna waƙar ƙunci da gundura, matasa kuma suka ce namu ne. Kamfanoni suka bazama neman irinsu, ƙungiyoyin birnin Seattle na jihar ta Washington kamar Pearl Jam da Soundgarden suka ƙara samun masu saurare.

Ni dai na fi son faifansu In Utero na 1993, ya fi kaushi, ba a goge shi kamar Nevermind ba. Cobain ya rasu a Afrilun 1994 yana da shekara 27, Grohl kuma ya kafa ƙungiyar Foo Fighters.