Ɗana ba ya barci sai da nono a baki

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ɗana na fari ne, watansa huɗu. Tun da aka haife shi ba ya barci sai yana shan nono. A da yakan yi awa huɗu a jere da dare, amma yanzu duk bayan awa ɗaya ko biyu sai ya farka, kuma ba ya komawa sai na ba shi. Uwar mijina ta ce ni na sangarta shi, wata ƙawata kuma ta ce nonon ne ba ya isarsa, in fara ba shi abinci. Na gaji, Anti. Ni na ɓata shi?

Daga wata mai shayarwa

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi. Ba ki ɓata shi ba, ki cire wannan daga ranki. Jariri ɗan wata huɗu bai san wata sangarta ba. Tsotso kansa yana sa cikin jariri ya saki wani sinadari mai kawo ƙoshi da gyangyaɗi, nonon dare kuma yana ɗauke da melatonin, sinadarin barci, wanda kusan babu shi a nonon rana. Ga ɗumin jikinki, ga ƙamshinki. Ya za a yi bai yi barci ba? Haka aka halicce shi.

Farkawar da ta ƙaru ita ce ke tsorata iyaye mata, kuma a nan nake son ki natsu. Wajen wata uku zuwa huɗu barcin jariri yana sake tsari, ya fara rabuwa zuwa mai nauyi da marar nauyi. Zagaye ɗaya na barcinsa bai cika wuce minti 50 zuwa 60 ba, na babba kuwa kusan minti 90 ne. A ƙarshen kowane zagaye yana ɗan tasowa. Mu ma muna yi, sai dai mu juya mu ci gaba. Shi kuwa ya kwanta da nono a baki, ya taso bai ji shi ba, sai ya nema. Ba lallai yunwa ba ce kowane lokaci, kuma ba alamar nononki ya gaza ba ce. Idan nauyinsa yana ƙaruwa a wurin awo, yana jiƙa kunzugu kamar sau 6 a yini da kwana, to yana ƙoshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, don haka ki gode wa ƙawarki, ki bar maganar abinci tukuna.

Idan tsarin bai dame ki ba, ci gaba da abinki. Amma kin ce kin gaji, kuma gajiyarki ba ƙaramin abu ba ce a wurina. Ki fara da barcin farko na dare kawai. Ki shayar da shi da fitila a kunne, in tsotson ya yi sanyi ya koma motsa leɓe, ki sa ɗan yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa ki zare nonon. Ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki kwantar da shi idonsa na lumshewa, hannunki a ƙirjinsa. In ya yi kuka ki ɗauke shi, ki lallashe shi, gobe a sake gwadawa. Abin yana ɗaukar makonni. Mahaifinsa ma ya riƙa karɓarsa yana jijjiga shi, domin yaro ya san akwai wata hanyar barci ban da ƙirjin uwa. Tsakar dare kuma, in ya yi ɗan ƙugi, dakata kaɗan kafin ki ɗauka. Sau da yawa barci yake yi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, tunda kin ce kin gaji, shi ne wurin da barci zai iya kwashe ki ke kanki kina shayar da shi. Kada ki shayar da shi a kan kujerar kushin in barci na fizgarki, nan ne wuri mafi haɗari, don jariri na iya zamewa cikin lungu numfashi ya toshe. Ki kwantar da shi rigingine a kowane barci, dare da rana, kan katifa mai tauri, babu filo, babu bargo mai kauri kusa da fuska. Tun da aka fara wayar da kai kan kwanciyar rigingine a Amurka a 1994, mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci ta ragu da kusan rabi. Ya kwana ɗaki ɗaya da ke aƙalla wata 6, a shimfiɗarsa, kuma kada a sha taba kusa da shi. Maganin tari ko na barci kuwa, ko wa ya ba ki shawara, kada ki ɗiga masa.

In kika ga ya yi laushi, ba ya tashi shan nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko numfashinsa na fita da ƙyar, kada ki jira gari ya waye, ku tafi asibiti.