Ku Tambaya Mu Amsa: In Mai Gabatar da Tsofaffin Waƙoƙi Ya Yi Kuskure

TAMBAYA: Salam Malam, ina karatu ne a Manchester, kuma mai gidan da nake haya wani dattijon Bature ne da ba ya wasa da shirin nan na tsofaffin waƙoƙi da ake ƙirgowa daga ƙasa har lamba ɗaya. Rannan mai gabatarwa ya ce waƙar Beatles ta farko da ta hau lamba ɗaya a Ingila ita ce From Me to You, tsohon nan ya tashi yana ta faɗa wai ƙarya ne Please Please Me ce, shi da kuɗinsa ya sayi faifan a 1963. Don Allah wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Toh dattijon nan bai ruɗe ba, kuma mai rediyon ma ba ƙarya ya yi ba, matsalar daga jadawalin take. A Ingila ta wancan lokacin babu jadawali guda da kowa ya yarda da shi, kowace jaridar waƙa nata take haɗawa, ta tuntuɓi shagunan faifai ta ji me aka fi saye a makon. NME ce ta fara tun Nuwamba 1952, sannan ga Melody Maker, ga Record Mirror, ga Disc, ga Record Retailer wadda 'yan kasuwar faifai ke karantawa, ita kuma BBC a shirinta na Pick of the Pops sai ta tattaro na jaridun ta fidda matsakaici. Please Please Me ta fito a Janairu 1963, tsakanin ƙarshen Fabrairu da farkon Maris ta hau lamba ɗaya a NME da Melody Maker har da na BBC ɗin da tsohonka yake ji da kunnensa, amma a Record Retailer lamba biyu ta tsaya. Sai a Fabrairu 1969 aka samu jadawali ɗaya na kowa da kowa, da masu littafin Guinness suka zo rubuta tarihi a 1977 kuma sai suka ɗauki na Record Retailer ya zama shi ne hujjar 1960 zuwa 1969, duk da shagunan da take tambaya ba su kai na NME da Melody Maker yawa ba. Shi ya sa yau a takarda From Me to You ce ta farko, a Mayu 1963. Ni kam a ra'ayina mai gabatarwa yana da ɗan laifi, don kalma biyu kacal zai ƙara ya ce a wane jadawali yake magana, da bai sa mutumin da ya ga abu da idonsa ya ji kamar an ƙaryata ƙuruciyarsa ba. Ka gaishe min da baban, ka ce masa yana da gaskiyarsa.

TAMBAYA: Malam ni a intanet nake jin maimaicin American Top 40 na Casey Kasem, a wani na ƙarshen 1977 naji ana ta zuzuta wai waƙar Debby Boone ta yi mako 10 a lamba ɗaya abin tarihi, alhali ni na san ta Lil Nas X ta yi 19. Me zai hana su gyara kafin su sa? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Hajiya wannan ai ba kuskure ba ne, ranar da aka faɗa haka abin yake. Shirin ya fara ne a Yuli 1970, ana naɗar sa duk mako a buga a faifan garmaho a aika wa gidajen rediyo, abin da kike ji yau muryar wancan makon ce, shi Casey ma ya rasu tun Yuni 2014. Mako 10 ɗin nan shi ne mafi tsawo a jadawalin Hot 100 na mujallar Billboard a lokacin, Olivia Newton-John ta kamo shi a farkon 1982, Boyz II Men suka yi 13 a 1992, suka sake yin 16 tare da Mariah Carey a 1996, kafin a zo kan 19 ɗin da kika sani a 2019. In kuma kika ji an ambaci mako 11 na Elvis Presley a 1956 kar ki ce sun yi tufka da warwara, shi Hot 100 sai Agusta 1958 aka fara shi, na Elvis a wani jadawalin ne da ya riga shi. Gyara kuwa ban goyi baya ba sam, a bar tsohon shiri yadda aka yi shi, in akwai ƙarin bayani mai gabatarwa na yau ya faɗa da bakinsa bayan an gama. Wani wurin da mutane ke yawan tsammanin sun kama kuskure shi ne ƙirgen ƙarshen shekara, saboda a lokacin shekarar Billboard wajen Nuwamba take rufewa, waƙar da ta yi tashe a Disamba sai ki tsince ta a lissafin shekara mai zuwa.

TAMBAYA: Malam mu dawo gida. A shirin tuna baya na wani gidan rediyo a garinmu yaron da ke gabatarwa ya sa waƙar Narambaɗa ya ce ta Ɗanƙwairo ce, sannan ya ce Shata ya rasu a 2001. Na kira layi bai shiga ba, abokaina kuma suna cewa in ƙyale ai waƙa ce kawai. In ƙyale?

AMSA: A'a Alhaji kar ka ƙyale, wallahi wannan ta fi waɗancan biyun damuna. Su Turawa in an yi gardama akwai mujallar makon da za a buɗe, mu kuwa waƙoƙin makaɗanmu ba su da jadawali, da yawa ma kaset ɗin ba shekara a jiki, abin da aka faɗa a rediyo shi yaro ɗan sakandare zai riƙe, gobe ya rubuta a Facebook jibi wani ya kwafa ya sa a takardar makaranta, shi ke nan ya zauna. Alhaji Mamman Shata a Yuni 1999 ya rasu, aka yi masa sutura a Daura. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne kuma tun farkon shekarun 1960 ya rasu, Musa Ɗanƙwairo kuwa mutumin Maradun ne ya kai har 1991, dukkansu kiɗan fada ne da kotso da 'yan amshi shi ya sa kunnen da bai saba ba yake haɗa su, amma wanda aka ba makirufo ya kamata ya tambaya kafin ya sa. Ka bar kiran layi, ka tura tes ko ka rubuta takarda ka kai da hannunka, ka sa ranar shirin da abin da aka faɗa da abin da yake daidai da inda ka samo shi, ban da zagi ban da gori, don yawancin yaran nan ba a ba su komai ba sai fulash cike da waƙoƙi wasu ma sunan da ke kai ba daidai ba ne. Ka roƙa a karanta gyaran a cikin shirin a lokacin da aka saba, saboda waɗanda suka ji kuskuren su ji gyaran. In da hali ka haɗa su da tsofaffin masu sayar da kaset na kasuwarku ko 'ya'yan makaɗan da ke raye, sannan akwai rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero kan makaɗan baka, ka ce su nema su ajiye a situdiyo. In mako biyu ya wuce ba ka ji an gyara ba, ka nemi ganin shugaban sashen shirye-shirye.