Zuwa Kwatano da jaka a baya: mu bi motar ƴan yawon buɗe ido ko mu yi ta kanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Maradi. Ni da abokaina biyu muna son zuwa Kwatano lokacin hutu, kowa da jakarsa a baya, mu ga teku da idonmu. An ce akwai motocin da ke zagayawa da baƙi zuwa bakin ruwa. Mu bi su, ko mu yi ta kanmu? Guzurinmu ba yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kai ku lafiya.

Hanya tukuna. Daga Maradi za ku bi ta Dosso ku gangara Gaya, ku ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil a ƙasar Benin, daga nan sai Paraku, sai Kwatano. Daga Malanbil kaɗai ya haura kilomita 700, don haka ku sa ran kwana a hanya. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, matafiya suka koma ƙetarawa ta jirgin ruwa, saboda haka ku je tasha ku ji halin da iyaka take ciki kafin ku yanki tikiti. Ku riƙe takardar shaidar ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara. Kuɗi kuwa sefarmu ce suke kashewa, ba ruwanku da ƴan canji.

A cikin garin Kwatano ba ku da buƙatar motar ƴan yawo. Kabu-kabu ne ke riƙe da garin, su suna ce masa zemijan, za ku gane direbobin da rigunansu ruwan ɗorawa masu lamba a baya. A yi ciniki kafin a hau. Ku sauka a unguwar Zango, inda za ku ji Hausa, ku samu masallaci da tuwo da masauki daidai aljihunku. Daga nan bakin ruwan Fijirose ba nisa.

Inda motar ƴan yawo take cin kuɗinta shi ne Wida, kilomita 40 ko kusan haka yamma da Kwatano. Wida gari ne na tarihi. Daga tsakiyarsa zuwa gaɓar teku akwai hanya mai tsawon kilomita 4, wadda aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jiragen Turawa, a ƙarshenta kuma akwai ƙofar tunawa da aka gina a 1995, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. In ba mai ba ku labari, ginin siminti da yashi kawai za ku gani ku juyo. Nan kam ku biya. In kuɗin motar ya yi muku tsada, ku shiga motar haya mai zuwa iyakar Togo, ku sauka Wida, ku haɗa kuɗi ku ɗauki ɗan jagora na gari. Abin da ba na so da motar ƴan yawo shi ne gaggawa: direba na da agogonsa, kana fara jin daɗin wuri za ka ji oda. Shi ya sa Garan Popo, can kusa da Togo inda kogin Mono yake shiga teku, na fi so ku je da kanku ku kwana, ku ga masunta da sassafe sun yi layi suna jan taru da igiya suna waƙa.

Yanzu abin da ya fi kuɗin mota muhimmanci. Wanda ya iya iyo a tabkin Madarunfa kada ya ɗauka ya iya teku. Gaɓar Benin tana da saurin zurfi, kuma raƙuman ruwa suna tara ruwa a baki, ruwan nan dole ya nemi hanyar komawa, sai ya kwarara ta wani siririn wuri da ƙarfin gaske. Abin takaicin shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, ba kumfa sosai, sai launin ruwan ya ɗan sauya, shi ya sa baƙo yake zaɓarsa. Ruwa yana iya gwiwa ma za ka ji yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafarka. In ya ja mutum, kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya yi iyo gefe, a layin gaɓa, har ya fita daga magudanar, yana ɗaga hannu. Ni dai shawarata, ku tsaya iya idon sawu, kada ku juya wa ruwa baya don ɗaukar hoto, kuma duk inda masunta suka ce kar a shiga, kar a shiga.

Lokaci mafi daɗi shi ne Disamba zuwa Fabrairu, don daga Afrilu zuwa Yuli damina ce mai ƙarfi a kudu. Sai dai wajen 10 ga Janairu Wida takan cika maƙil saboda bikin bodun, addinin gargajiyarsu, masauki ya yi wuya ya yi tsada. Ku sa gidan sauro a jaka, da leda mai kauri ta waya da takardu, ku raba kuɗinku gida uku, kowa ya riƙe kashi ɗaya.