Tambaya da Amsa: Na Yi Ritaya, Zama Ya Ishe Ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bara na yi ritaya bayan shekara 35 ina aikin gwamnati. Yanzu daga masallaci sai tabarma a ƙofar gida. Ƙafafuna sun yi nauyi, barcin dare ma ya ƙaurace mini. Yarana sun ce in huta kawai. Hutun ne zai ja mini kwana?
Daga mai karatu a Argungu

AMSA: Wa'alaikumus salam, Baba. Kwana na Allah ne, amma keken da aka jingine a zaure tsatsa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane babba, har da tsofaffi, ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tafiyar minti 30 bayan Asuba, sau biyar a mako, ta cika lissafin. Tana taimakawa wajen hawan jini da ciwon suga, tana kuma ƙarfafa ƙafa.

Ni dai tabarmar nan ce ta fi damuna. Kawuna a Jega da ya bar aiki, cikin wata uku ya zama kamar ba shi ba, ko magana sai an ja shi. Sai ya karɓi ɗan fili a fadama ya dasa albasa. Yanzu ƙarfe shida yana can yana cacar baki da mai injin ban-ruwa kan kuɗin mai, ya dawo da laka har gwiwa, ya tashi da malmala biyu. Kai ma nemi abin da zai sa a jira ka da safe, ko da koyar da yaran unguwa karatu ne.

Kafin ka fara, je asibiti a auna maka jini. Yaran kuwa su sayo maka takalmi mai taushi.